Filin Tambayoyin Masu Karatu: An Cire Min Mama Saboda Kansa, Zan Iya Komawa Nutso a Teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki ya iyali. Dan Allah a sakaya sunana. Ni haifaffiyar Kano ce amma aure ya kawo ni Jidda, shekarata 44. A nan na koyi nutso a teku irin wanda ake goya tukunyar iska a baya, wato sukuba, wata malama ce ta koya mana mu mata zalla a Obhur har na samu katin PADI, ƙungiyar da ke bada shaidar koyon nutso, na zurfin mita 30, kuma wlh Anti ba abinda ke wanke min zuciya kamar in ganni a ƙasan Bahar Maliya ba hayaniyar kowa sai ƙarar numfashina da kifaye suna ta wucewa. To bara Allah ya jarabce ni da kansar mama, aka cire min na hagu gaba ɗaya harda kaluluwar hammata, nayi kimo, da farko jan ruwan nan sannan aka canza min wani da ake ce ma Taxol, bayan nan akai min gashi, wato ƙona wurin ciwon da hasken na'ura. Yanzu wata bakwai kenan da gama gashin, ina shan tamoksifen, ƙwayar rage haɗarin dawowar ciwon, alhamdulillah hoton ƙarshe ya fito lafiya. Abinda ya rage, ɗan abin nan da suka dasa min a ƙarƙashin fata ƙasan wuya da ake ɗura kimo ta ciki yana nan ba'a cire ba, kan yatsuna suna min dindiris, hannun hagun kuma yakan ɗan yi nauyi da yamma. Likitana yace in koma rayuwata yadda na saba, da nace masa nutso fa sai yace to ki bi a hankali, bai ƙara komai ba. Maigida yace shi hankalinsa bai kwanta ba, Hajiyarmu kuwa a waya har kuka tayi wai wanda Allah ya tsamo daga wannan ciwo me zai kai shi ƙasan teku. Wata ƙawata da muke nutso tare tace kawai in cike fom ɗin lafiya da ake bayarwa kafin nutso in ce lafiyata lau tunda ba wanda zai ɗaga min riga. Anti ya zanyi? Daga wata baiwar Allah, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sannu, sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne ya sa kuma kin rabu da shi kenan har abada. Bari in fara da abinda kike son ji, eh mata da yawa sun koma nutso bayan tiyata da kimo da gashi, kansar mama da aka gama maganinta ita kaɗai bata hana mace shiga teku. Amma ba wannan satin ba, kuma dan girman Allah ba ta hanyar da ƙawarki ta nuna miki ba.

Kinga ita ƙawar taki tana tunanin tabon da ke ƙirjinki ne matsalar shiyasa take maganar ɗaga riga, alhali tabon nan in dai ya warke ya rufe ba ruwan teku da shi. Abinda ni yake damuna abu biyu ne da ba'a gani da ido, huhunki da zuciyarki, dan su ne gashi da jan ruwan nan suka bi ta kansu kafin su kai ga ciwon.

Huhun tukunna. Kin san wannan daga aji amma bari in maimaita saboda masu karatu da basu taɓa shiga ba, duk mita 10 da mutum ya nutsa nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da muke ciki a doron ƙasa, wato a mita 10 ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Da za'a hura balan-balan a mita 10 a ɗaure bakinta a saketa, kafin ta iso sama ta ninka girmanta. Huhu mai lafiya baya shan wannan wahalar saboda kina numfashi iskar tana fita abinta, to shi gashin da ake yi a ƙirji yakan ɗan taɓa gefen huhun da ke bayan haƙarƙari, wani lokaci ya kawo kumburi a cikin wata ɗaya zuwa shida da gamawa, daga baya kuma wurin ya iya yin tabo ya taurare, kuma wannan tabon yana iya ci gaba da fitowa har bayan shekara. Yawancin mata basa ma jin komai, suna hawa bene suna aikinsu lafiya. Amma in akwai wani ɗan lungu da iska ke shiga ta maƙale, a tudu ba komai bane, a ruwa kuwa lokacin tasowa iskar zata kumbura ba hanyar fita, tana iya yaga huhun ko ta kutsa cikin jini ta wuce kwakwalwa, kuma wannan cikin mintuna yake faruwa. Kar kuma ki ce ai zan tsaya a sama-sama ne ba zan yi zurfi ba, canjin da yafi girma a mita goman farkon nan yake, dan haka ruwa mara zurfi baya kare huhu ko kaɗan. Shiyasa nake so kafin ki taɓa regileta, abin shaƙar iskar tukunya da ake sawa a baki, ayi miki gwajin numfashi, wanda ake hura iska da ƙarfi a cikin bututu, sannan a duba hoton CT na ƙirjinki da idon mai neman inda iska ke maƙalewa, ba idon mai neman kansa kawai ba. Hoton da kika ce ya fito lafiya tambayar da aka yi masa daban ce. Kuma kina wata bakwai ne da gama gashi, kina cikin lokacin da huhun bai gama nuna halinsa ba, in likitan yace ki ƙara wasu watanni kar ranki ya ɓaci.

Sai zuciya, kuma nan ne nafi so ki nutsu ki karanta. Jan ruwan nan da kika ambata dangin doksorubisin ne ko efirubisin, magani ne mai ƙarfi da ya ceci rayuka bila adadin amma an san shi da raunana tsokar zuciya a wasu mutanen, wani lokacin ma sai bayan shekaru abin yake bayyana. Ke kuma a hagu akai miki gashi, ɓangaren da zuciya take. Masu karɓar wani maganin kansar mama da ake ce ma Herceptin suma haka, shiyasa ake musu gwajin zuciya kusan duk wata uku. Shi kuwa ruwa da zarar mutum ya shiga har wuya yake matso jinin ƙafafu da ciki ya turo shi ƙirji, sama da rabin lita, zuciya ta samu ƙarin aiki tun baki motsa ba, ga kaya a baya, ga igiyar ruwa in ta juya dole ki buga ƙafa da ƙarfi ki koma jirgi. Ƙungiyar Divers Alert Network, wadda aka fi sani da DAN, da aka kafa a 1980 a jami'ar Duke ta Amurka, ta daɗe tana bibiyar mace-macen masu nutso, kuma kusan ɗaya cikin huɗu matsalar zuciya ce silar. Dan haka ki nemi ayi miki eko, hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura irin ta sikanin ciki, a ga ƙarfin bugunta, in so samu ne harda gwajin da ake ɗora mutum kan injin tafiya ana auna shi. Ke da kanki ma kina iya gwada kanki tun yanzu, ma'aunin da ke cikin fom ɗin shine tafiyar kilomita 1.6 cikin minti 14 ko iyon mita 200 ba hutawa. In wannan yana sa ki haki sosai to aikin farko yana tudu da kuma fulin iyo, a duba jininki ma ko bai gama dawowa ba bayan kimo.

Tunda na taɓo fom bari in gama da shi. Fom ɗin lafiya da cibiyoyin nutso ke bayarwa, wanda aka sabunta a 2020, yana tambaya ko an yi miki tiyata cikin wata 12 da suka wuce ko kina da wata matsala da ta biyo bayan tiyata, yana kuma tambaya ko kina shan maganin da likita ya rubuta. Ke duka biyun eh ce amsarki, kuma eh ba tana nufin an kore ki bane, tana nufin likita ya duba ki ya sa hannu. In kika rubuta a'a wa kika cuta? Malamar da zata shiga da ke bata san me zata lura da shi ba, in Allah ya kiyaye wani abu ya faru likitan gaggawa zai yi ta lalube a duhu, kamfanin inshora kuma ya samu hujjar zame jikinsa. Ƙarya ce kuma a kan ranki da na abokiyar nutsonki wadda ita ce zata yi kasadar ɗauko ki. Likitanki na kansa bai yi laifi ba da yace ki bi a hankali, fanninsa daban ne, wanda kike buƙata likita ne da ya karanci lafiyar masu nutso, cibiyar da kika koya zasu san wanda suke tura mutane wurinsa, DAN ma suna da layin tambayoyin lafiya kuma suna haɗa mutum da irin waɗannan likitocin. Ki tafi masa da takardar da ke ɗauke da sunayen magungunan kimo da adadin da aka baki da bayanin gashin. Akwai wani maganin kimo, biliyomaisin, da ke sa huhu ya kasa jure iskar oksijin mai yawa, ba kasafai ake bada shi a kansar mama ba, amma irin wannan ne yasa ake son ganin takarda ba jin labari da baki ba.

Dindiris ɗin yatsun nan aikin Taxol ne, yana taɓa ƙananan jijiyoyin hannu da ƙafa, wasu ya tafi cikin watanni wasu ya daɗe. Matsalarsa a nutso biyu ce. Ta farko a tabbatar yatsun suna jin maɓallin hura falmaran ɗin da ke daidaita mutum a cikin ruwa da na sace iska, kina iya ɓalle bel ɗin dalma mai ƙara nauyi da sauri, kina iya cire tabarau ki mayar, ki gwada duk wannan a fuli sanye da safar hannu. Ta biyu kuma ita ce tafi wayo, ciwon nan da ke kama masu nutso idan naitirojin ya yi kumfa a jiki shima da minjirya da ciwon gaɓɓai yake zuwa, to in kin fito daga ruwa kina jin yatsu na minjirya ya za'a gane tsohon ne ko sabo? Ki sa likita ya auna ya rubuta daidai inda dindiris ɗin ya tsaya, yatsa nawa, zuwa wace gaɓa, ki riƙe kwafi a jakar kayanki, duk abinda ya wuce wannan iyakar bayan nutso a ɗauke shi da gaske a baki oksijin a kira likita. Masu shan letrozol ko anastrozol, wasu ƙwayoyin bayan kansar mama, da ke fama da ciwon gwiwa da yatsu suma haka zasu yi.

Hannun da ke nauyi da yamma kar ki raina shi, alama ce ta farkon kumburin nan da ke biyo bayan cire kaluluwa, kusan mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa maganin kansar mama tana haɗuwa da shi, kuma da wuri ake kama shi, ki je wurin likitan fisiyo ya auna hannayen biyu ya baki safar matsi. Abin daɗin ji shine shi ruwa ba abokin gaba bane a nan, yana matse hannun ko'ina daidai wa daida, mata da yawa sukan ce sun fito hannun ya ɗan saɓe. Inda haɗarin yake shine yanka da ɗaukar kaya. Bahar Maliya cike take da murjani mai kaifi, ga murjanin wuta da ke ƙona fata, ga bushiyar teku a tsakanin duwatsu wurin shiga, hannun da ba kaluluwa kuwa ɗan ƙarzanen da wata zata manta da shi ke yana iya zame miki ciwo. Rigar roba mai dogon hannu ko da ruwan da ɗumi, wadda bata shaƙe wuyan hannu ko hammata ba, kwamfutar nutso da ake ɗaurawa kamar agogo ki mayar da ita hannun dama, in kin ƙarje ki wanke da ruwa mai tsabta da sabulu nan take, in kika ga wurin yayi ja yana zafi yana yaɗuwa ko zazzaɓi ya zo to asibiti a ranar ba washegari ba. Kayan kuma in an haɗa silinda da dalma da falmaran sun haura kilo 20, kar ki fizge su da hannu ɗaya dan kar ace kin gaza, ki zauna a bakin jirgi a ɗora miki ko ki saka a cikin ruwa, ba abin kunya bane. Ba cewa nayi hannun ya zauna ba aiki ba, binciken da aka wallafa a 2009 ya nuna ɗaga ƙarfe a hankali ana ƙarawa kaɗan-kaɗan baya ƙara kumburin, fizgar bazata ce ba'a so. Ki duba kuma kafaɗar tana miƙewa har ki kai hannu baya ki lalubo tiyon regileta, in fatar hammata tana ja kamar igiya fisiyo zai taimaka, riga mai zif a gaba ma tafi sauƙin sakawa.

Abin da aka dasa miki ƙasan wuya ba iska a cikinsa, nauyin ruwa baya masa komai in fatar ta rufe, sai dai madaurin falmaran yana bi ta kansa daidai, ki saka kayan a tudu ki ji ko yana gurza, in kuma an kusa cire shi ki bari a cire wurin ya warke. In kina saka mama na roba a rigar nono, na soso yana matsewa a ƙasa yana kuma ɗaga mutum, ki nemi wanda akai dan iyo ko ki shiga haka, rigar roba tana rufe komai. Tamoksifen kuma yana ɗan ƙara yiwuwar daskarewar jini, ga zafin Jidda ga gumi a cikin riga, ki sha ruwa sosai, kuma ni a ganina ki ajiye nutso da rana a watan azumi.

In takardu sun fito lafiya ki koma kamar sabuwar ɗaliba, fuli tukunna da darasin tuni wurin malamarki, a sake auna dalmar da kike buƙata dan jiki ya canza, sannan teku a rana mai kwanciyar ruwa, mita 10 zuwa 12, nutso ɗaya a yini, tasowa a hankali da tsayawar minti 3 a mita 5. Katin mita 30 yana nan ba inda zashi. Gajiyar bayan kimo takan zo ba sallama, ranar da kika tashi jiki ba daɗi ki fasa ko an biya kuɗin jirgi.

Hajiya da Maigida kuwa, 'yar uwa mutanen nan sun ga lokacin da suma ta zube kina kwance baki iya ɗaga kai, tsoronsu ƙauna ce, kar ki yi musu gardama kar kuma ki je a ɓoye. Ki tafi da Maigida wurin likitan nutson ya yi tambayoyinsa da bakinsa ya ji amsa da kunnensa, ranar fuli ma ya zo ya gani. Hajiya ki kira ta ki ce an duba huhu an duba zuciya ga abinda likita yace, ki nemi addu'arta. Kuma sha'awar nan taki ba shirme bace, mace da ta sha wannan gwagwarmaya tana da haƙƙin ta nemi abinda ke faranta mata rai. In kuma gwaji ya nuna huhu ko zuciya basu yarda ba, iyo a saman ruwa da tabarau da bututun numfashi yana nan in likita ya amince, murjanin Bahar Maliya da yawansa a mita biyu uku yake. Allah ya ƙara lafiya, ki rubuto mana yadda ake ciki.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni a Indiya akai min aiki shekara uku da suka wuce, aka cire mama ɗaya aka saka min na silikon a ciki, banyi gashi ba amma nayi kimo. Zamu je Zanzibar hutu da maigidana, yace akwai nutson gwaji na yini ɗaya da ake wa baƙi, ina so sosai amma wata tace min wai abin zai fashe a ƙasan ruwa ko a jirgin sama in mun taso. Gsky ne? Daga Abuja.

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata, ba gaskiya bane, ki kwantar da hankalinki. Abinda nauyin ruwa ke matsewa iska ce, shi kuwa abin da aka saka miki silikon ne cike ba iska. An ma gwada wannan tun 1988 a jami'ar Duke, aka saka irinsu a ɗakin matsin iska kamar an nutsa da su sannan aka rage matsin kamar an hau jirgi, abinda aka gani bayan nutson ƴan ƙananan kumfa ne da ƙarin girma na kashi kaɗan cikin ɗari wanda bai isa ya fasa komai ba kuma yakan baje da kansa, da aka rage matsin sosai girman ya fi haka ƙaruwa amma masu binciken sun ce da wuya ƙwarai hakan ya faru a jikin mutum, na ruwan gishiri ma yafi na silikon rashin canzawa. Silikon ya ɗan fi ruwa nauyi, tunda gefe ɗaya ne kina iya jin kina ɗan karkata, malamin zai gyara miki da dalma, madaurin ƙirji kuma kar a ɗaure shi tamau a kansa. Wadda ya kamata ta dakata ita ce mai jakar wucin gadi da ake sakawa a faɗaɗa fata kafin aikin ƙarshe, dan wasu da iska ake cika su, ita kam sai an canza an warke.

Amma ki koma sama ki karanta abinda na faɗa wa 'yar uwarmu ta Jidda a kan zuciya, dan kimon da kika yi shine abin dubawa a wurinki ba silikon ba. Nutson gwajin nan yana kai mutum har mita 12, nutso ne na gaske, kuma fom ɗin lafiya ɗaya ne zasu miƙo miki a bakin teku inda ba likitan da ya san tarihinki. Ki sauke fom ɗin daga intanet tun kina Abuja, ki nemo takardar sallamarki ta Indiya mai sunayen magunguna, ayi miki eko da gwajin jini, likita ya sa hannu ki tafi da abinki a jaka. Sannan ku tsara nutson a farkon hutu ba ranar ƙarshe ba, ana so a bar aƙalla awa 12 tsakanin nutso ɗaya da hawa jirgin sama, awa 18 in an yi fiye da ɗaya, wannan kuma dokar kowa ce harda maigidan.